Siminti Ya Cinye Mini Zanen Yatsa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'ar gidan rediyo? Ni magini ne daga Ƙofar Sauri.

Tun ina yaro, magina a unguwarmu suna da gwangwanin lafiya a hannun mahaifina. Duk Juma'a kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Lokacin magani kyauta ne a asibiti, kuɗin mota kawai gwangwanin yake biya. Da aka koma sayen magani, shi ya riƙe mu. Da rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyuka, muka yi masa yawa, ya gaza.

Sai ga inshorar lafiya ta zo, muka ce alhamdulillahi. Na je rajista saboda maiɗakina tana fama da hawan jini. Sau uku ina ɗora yatsa, na'ura tana ƙi. Ma'aikaciyar ta duba hannuna ta ce, "Baba, ai siminti ya shafe zanen."

Wallahi Malam, raina ya ɓaci! Ginin ofishin nan ma da ni aka ɗora shi.

Amma ban haƙura ba. Mako biyu ke nan na ajiye cokalin gini, safe da yamma ina shafa man kaɗanya. Litinin zan koma, in na'urar ta ƙi, in sake komawa.

Masu sauraro, wanda ya san wata hanya ya taimaka mini. Hukuma kuma ta duba lamarin masu aikin hannu, don gwangwanin mahaifina bai taɓa tambayar yatsan kowa ba.

Ina gaida magina duka. Wassalam.