Shafin Amsoshi

A wata rumfar tsofaffin littattafai a birnin Cebu, Nenita, mai koyar da ɗanta a gida, ta tare tsoho mai rumfar, wanda ake kira Manong don girmamawa.

"Manong, akwai littafin lissafi mai araha na 'yan aji uku?"

"Shekarar yaron nawa?"

"Biyar, amma kansa na ja. Har addu'a yake gyara wa kakarsa."

"Tabɗi! Ga wannan, peso hamsin. Bari in yage shafin amsoshin, kar ya riƙa leƙawa."

Nenita ta fizge littafin ta rungume.

"Rufa min asiri, Manong! Wa ya ce maka shi ke leƙawa? Jiya ma sai da ya kai ƙarata wurin ubansa, wai a canza masa malama!"