Iskar da ta raba wa Annabi Musa teku

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa da malaman da ke cikin shirin nan, sannunku da aiki. Ni ne Isufu, direba a birnin Greensboro, nan ƙasar waje.

Ranar Lahadi muna cikin mota, 'yata Hadiza ta ce malaminsu na jami'a ya gaya musu iska ce kawai ta raba wa Annabi Musa teku. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ina yaro a Diffa, da idona na ga iska ta kore ruwan tabki har muka tsinci kifi a ƙasa. Na yi tsit har gida.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Malamai, don Allah me zan ce mata? Ƙarya dai ba zan yi mata ba, amma ina tsoron ta ɗauka shirun nan nawa shi ne amsa.