Giɓin Ladan

A ɗakin jiran likitan haƙori a birnin Multan, Baba Nawazish, wani dattijon ladan, ya juya wajen matar da ke gefensa, yana kare bakinsa da hannu.

"'Yata, ko kin gane aikin mutanen nan? Haƙora uku na rasa, likita ya ce sai ya cire biyu kafin ya sa min biyar. Gyara na zo ko ƙarin giɓi?"

"Wallahi Baba, ni ma kaina ya ɗaure. Ni cewa ya yi zai ɗora min gada."

"Gada kuma? A baki?"

"Haka dai ya ce. Amma kai da girmanka, me za ka yi da sababbin haƙora? Ka riƙa jiƙa gurasa a shayi mana."

"Ba don ci ba ne. Murya ce ke zurarewa ta giɓin."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Kamar ladanin unguwarmu! In ya kira salla, sai fito kake ji a lasifika. Mijina ya ce ranar Juma'a za su sallame shi, shi bai ma sani ba."

Nawazish ya sauke hannunsa a hankali.

"Wace unguwa ce, 'yata?"