Tsibirin da Ke Cikin Littafi

A rumfar mai tsofaffin littattafai, daf da tasha, wani dattijo ya ajiye littafin da ya sha jiki.

"Samari, kana da irin wannan? Nawa ƙarshensa ya yage. Labarin mutumin da jirginsu ya nutse, ruwa ya jefa shi tsibiri."

"Ya ƙare, Baba, amma na karanta. Daga baya an zo an ɗauke shi."

"Ba shi nake tambaya ba. Ya samu abokin hira kuwa?"

"Ya samu, bayan kaɗaici ya sa har da tsuntsaye yake magana."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Saboda autana nake tambaya, shekara huɗu ke nan da ya shiga kwalekwale zai tsallaka teku. Kowace safiya sai na karanta wa uwarsa shafi biyu take iya karyawa. Yaron surutu kamar aku. Ni na daina roƙon ya dawo, ya dai samu wanda zai saurare shi."

"Baba, ƙaryar marubuta ce! Ni na hau irin kwalekwalen nan. Mu tamanin muka shiga, mu shida aka tsamo. Kwana uku ina rungume da jarka, ko dutse ban gani ba, balle tsibiri."

Sai mai littattafan ya kama bakinsa, amma magana zarar bunu ce.

Dattijon ya daɗe yana shafa bangon littafin.

"Shafi huɗu suka rage mana. Bayan jibi me zan karanta mata?"

"Ka koma shafin farko, Baba."