Ni Ba Ungozoma Ba Ce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Limancin Kona nake rubutowa, hankalina a tashe.

Tun ina budurwa nake wasan daɓe har na yi jikoki, kuma kullum a ungozoma nake fitowa. Ranar Talata sai ga maƙwabcina da matarsa tana naƙuda. Ya ce, "Hajiya, ai ke muka sani!" Na ce, "Malam, 'yar tsana fa nake karɓa!" Da ƙyar na kora su asibiti, ta sauka lafiya.

Tun ranar na kasa sukuni, ga wani wasan ranar Asabar. Jama'a, in fito ko in haƙura? Tsorona kada wata mai naƙuda ta zauna a zaurena tana jiran in dawo daga wasa.