Jaririn da Aka Kwance Daga Bayana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ya halicci dogo ya halicci gajere, bai nemi shawarar kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga taro, Malam Attahiru. Mai girma wakilin uban ƙasa da 'yan rakiyarsa. Malamanmu na addini. Likitoci da malaman asibiti da suka kwana biyar suna fama da taurin kanmu. 'Yan'uwana ungozomomi, na Gusau da na Bungudu da namu na nan Tsafe, har da mutanen 'Yankuzo da kullum suke isowa a makare su ɗora wa mota laifi. Iyaye maza da iyaye mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan bita, muna godiya ga waɗanda suka koyar, muna godiya ga waɗanda suka dafa, domin karatu ba ya shiga kai in ciki yana kuka. Ni kuma ina da godiya ta daban, da aka ce in yi magana a madadin ungozomomi a ranar rufewa. Sunana Luba, daga Bilbis. Shekara talatin da takwas ke nan ina yanke cibi, akwai ma wanda na yanke wa yana zaune can gaba da babbar riga, ba zan nuna shi ba. An ce in yi magana kan jariran da ake haifa ƙashinsu bai miƙe ba, da abin da hakan ke yi wa ƙwaƙwalwa da laka. Ban yi boko ba, amma wannan karatun a ɗakina na yi shi.

Shekarar da aka ba mu jiha, matar ɗana Manu ta haihu. Sunanta Huseina, ɗiyar makiyaya ce, mai kawaici, in ba ka tambaye ta ba sai ta wuni ba ka ji muryarta ba. Mahaifiyarta ta rasu, don haka ba ta je wankan gida ba, ni na karɓi haihuwar. Yaro ya faɗo da babban kai da turarren goshi, hannuwa da ƙafafu gajeru, kowa ya gani ya san wada ne. Aka raɗa masa Jibo. Na ce to, Allah ya ba ni miji gajere, ba zan sha wahalar ɗaga wuya in muna faɗa ba.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Kaka ce mai ɗa. Ni kuwa na karɓi aiki da hannu biyu. In na zo wanka sai in ja hannu in ja ƙafa wai su miƙe, in danna goshi in murza ƙeya wai kai ya daidaita, in cilla shi sama in cafe don kada ya tashi matsoraci. Abin da na gada ke nan, abin da na yi wa ɗaruruwa ke nan, kuma a ganina wanda gaɓoɓinsa suka gaza shi ya fi kowa bukatar ja.

Yana wata uku muka je dakan biki a maƙwabta. Na goya shi, na ɗaura majanyi, na kama taɓarya. Ina luguden nan, kansa yana ta lilo a bayana, ban sani ba. Sai na ji hannu a kan ƙullin majanyina. Na waiga, Huseina ce, a gaban mata bakwai, tana kwance ɗanta na fari daga bayan uwar mijinta. Ta ce, "Inna, ki gafarce ni, ba shi numfashi daidai." Na ce barci yake yi. Ta ce, "Inna, leɓenshi ya yi baƙi." Ta tallabe kansa ta fice.

Jama'a, na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. A wurin na ce yarinyar nan ba ta da kunya, na ce ban taɓa ganin marar ta-ido irinta ba, na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maganar tsohuwa kuwa ba ta kwana a inda aka yi ta. Kafin mako ya zagayo, daga bakin rijiya har kasuwa an san matar Manu da suna marar kunya. Ita kuwa daga ranar ba ta sake barin kowa ya goya shi ba, har ita kanta. A shimfiɗe take ajiye shi, a tallabe take ɗaukarsa.

Bayan mako biyu, da azahar, yana barci kusa da ni ina tsince wake, na ji minsharinsa ya ɗauke. Na duba, ƙirji ba ya motsi. Na karanta Ƙulhuwallahu har na kai ƙarshe kafin ya ja numfashi. Na ɗaga hannunsa na dama, ya koma yaraf. Ranar na san tsoro. Washegari ni da Manu da Huseina muka shiga motar Gusau da shi.

Likitan da ya duba shi ya yi mana bayanin da har ni na gane. Ya ce a gindin ƙoƙon kai akwai ƙofa, ta nan laka ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta bi gadon baya, kuma daidai nan ne ake riƙe da numfashi da ƙarfin gaɓoɓi. Ya ce ciwon da ya hana ƙashin hannu da na ƙafa tsawo shi ne ya hana ƙashin ƙofar nan faɗi. Kai ga nauyi, wuya ga rauni, ƙofa ga ƙunci, to duk lilon da kai ya yi, laka ce ke matsuwa. Sannan ya tambaya, "Ana goya shi?" Manu ya ce an daina. Ya ce, "Wa ya hana?" Ni da na zaci faɗa zai yi, da sauri na miƙa yatsa na ce ga ta nan. Likita ya dube ta ya ce, "To, bayan Allah ke kika tsare shi." Yatsan nan nawa na rasa inda zan kai shi.

Daga wannan ɗaki na fito da abubuwan da zan bar muku.

Na farko, jaririn da aka haifa da gajerun gaɓoɓi da babban kai, a ɗauke masa hannu. Ba ja, ba murzar ƙeya, ba cillawa. Ja ba ya ƙara wa ƙashi ko tsawon ƙwayar gero. Kada a goya shi, kada a zaunar da shi da wuri, sai wuyansa ya riƙe kansa kuma asibiti ta ce an yarda. Na san abin da nake roƙo yana da nauyi, domin macen ƙauye in ba goyo ba ta da hannun daka, ba ta da hannun ɗiban ruwa. To a nan ne kaka za ta yi amfani, ta zauna kusa da shimfiɗa ta bar uwa ta yi aiki.

Na biyu, a sa ido a kasa kunne. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi a barci, leɓe ya yi baƙi, hannu ko ƙafa ya saki, kasa tsotso, waɗannan ba a jiƙa musu saiwa, mota ake nema. Haka in maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ido ya riƙa kallon ƙasa, ga amai, kai yana girma fiye da kima, to ruwa ne ke taruwa a ciki. Tef ɗin awo da aka raba mana jiya ba na ɗinki ba ne, Zainabu ta Bungudu ina kallonki. A auna kan yaro duk wata, a kai wa malamin asibiti.

Na uku shi ne mai ɗaci. Akwai waɗanda ciwon ya fi tsanani a kansu, ƙirji ƙarami ƙwarai, ba sa wuce kwanaki. Na karɓi biyu a rayuwata, kuma duka biyun na ji ana cewa 'yan ruwa ne, ana cewa uwar ta yi wankan magariba aljani ya musanya mata. Na yi shiru a lokacin, yau ba zan yi ba. 'Ya'yan mutane ne, a yi musu huɗuba, a rufe su da mutunci, a yi wa uwa gaisuwa irin ta kowa.

Alhamdu lillahi, mu namu ya zo da sauƙi. Likita ya ce in abin ya ƙaru sai an tura mu babban asibiti a buɗe ƙofar da aiki, amma wata bayan wata numfashi ya daidaita, hannu ya dawo. Jibo bai taka ba sai da ƙaramar sallar da ta wuce, yana da shekara biyu da 'yan watanni. Yanzu kuwa kajina ba su da sukuni, baki kuma ya fi na kakarsa. An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni shekara biyu na yi a durƙushe gaban nawa, kuma ban taɓa jin daɗin zama irin wannan ba.

Saura abu ɗaya, mai girma shugaba, ka ƙara mini minti guda. Huseina, na san kina bayan rumfa, kada ki ɓuya. A gaban mata bakwai na kira ki marar kunya, sunan ya bi ki har yau, ni kuma girman kai ya hana ni wanke ki. To ga Gusau, ga Bungudu, ga Tsafe, ku zama shaida. Yarinyar nan ta fi ni kunya, ajiye ta ta yi don ɗanta ya rayu. Da ta yi mini kara a ranar nan, da jikana a bayana zai cika ina tsakiyar daka. Ni ce na yi kuskure. Ki yafe mini, ɗiyata.

Allah ya raya mana zuriya, dogonsu da gajerensu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a hannuwanmu, ya tsare su daga cutar da wanda muka zo taimako. Allah ya ba jiharmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.