Ashe Mazarƙwaila Ma Suga Ce

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Ga baƙin da ke cikinmu, sunana Ayuba, manomin rake ne ni a fadamar wajen Beli. Rake na gada, a bakin kaskon mazarƙwaila na girma. Tsofaffin cikinku sun san mahaifiyata. Ciwon suga ne ya cinye mata idanu, ni nake riƙo hannunta in kawo ta sujada har Ubangiji ya kira ta. Tun daga lokacin babu abin da nake tsoro kamar makanta.

Bara na kai matata Rahila asibiti a Rogo, ciwon ƙafa yana damunta. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta kalli tumbina, ta ce, "Baba, kai ma a gwada ka mana." Da sakamako ya fito sai ta ce, "Ciwon suga bai kama ka ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa. In ka gyara cimarka, zai iya juyawa."

Ban ga komai a gabana ba sai fuskar Inna.

Muka dawo gida da 'yar na'urar gwada suga, wadda ake tsira yatsa a ɗiga mata jini. A ranar na kori farin suga daga gidana. Har cika baki nake yi a majalisa: "Ni da suga har abada!" Amma kununa na safe fa? Sai in ɓantaro mazarƙwaila in jefa. A gona kuwa ina shan rakena kamar kullum. A ganina ciwo yana cikin sugan kanti ne, wanda inji ya wanke ya yi fari. Namu na gona, wanda na shuka da hannuna, ai abinci ne.

Makonni suka wuce, kowace safiya in tsira yatsa, lamba ta ƙi sauka. Raina ya ɓaci. Na ce wa Rahila, "Na'urar nan maƙaryaciya ce, jabu suka ba mu."

Ta ce, "To Maigida, kawo a gwada ni." Aka canza allura, aka gwada ta, nata ya fito lafiya lau. Ta dube ni ta ce, "Da ni dai ba ta yi ƙarya ba. Sha kununka yadda ka saba, in an jima mu sake tambayarta."

Na sha, muka jira, na gwada. Jama'a, lamba ta yi sama! Washegari Rahila ta dama mini kunun ba ta sa komai ba, na gwada, bai kai ko kusa da na jiya ba. Na ɗauki fartanya na fice.

A tsakiyar rakena na durƙusa. Da can addu'ata ita ce Allah ya ɗauke ciwon, ni kuma ya bar ni da zaƙina. Ranar kuwa kuka na yi, na ce, "Ya Yesu, ka buɗe idanun makafi. Ni nawa a buɗe suke, kada bakina ya rufe mini su. Ban iya da kaina ba, ka riƙe mini wannan bakin." Na tashi da wani ƙarfin zuciya wanda na san ba nawa ba ne. Halleluya!

Kada wani ya ce muku abin da sauƙi. Malmalar tuwona aka raba ta biyu, miyar ganye ta fi tuwon yawa. Zogale, rama, wake, ɗan ƙwai in an samu. Na jingine babur, da ƙafa nake zuwa fadama. Kwanakin farko har faɗa nake yi wa Rahila babu dalili, ita kuwa sai ta ce, "Yi faɗanka, tuwo dai ba zai ƙaru ba."

Babban gwaji ya zo lokacin matsar rake. Kun san al'adarmu, kaskon farko in ya nuna, mai gona ne ke fara ɗanɗanawa ya sa albarka. Ƙamshi ya cika wurin, masu aiki suka miƙo mini mazarƙwaila da zafinta. Yawuna ya tsinke. Wani ya ce, "Haba Baba Ayuba, mai rake ya ƙi rakensa?" Na ce, "Albarka dai da baki ake sa ta, ga ta na sa. Ɗanɗano kuwa na bar muku." Suka yi ta dariya, ni kuma ina kiran sunan Yesu a zuciyata har na bar wurin.

Watan jiya na koma asibiti. Ma'aikaciyar ta duba, ta yi murmushi, ta ce, "Baba, ya ja da baya. Amma kada ka saki jiki." Ba kuwa zan saki jikin ba. Ko yau da safe sai da na tsira yatsa kafin in taho.

Na gode wa Ubangiji, na gode wa matar nan da ya ba ni. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kuma je a gwada ku, musamman mu na fadama. In kuma kun gan ni ina kewaya kasko, ku tsawata mini, ba zan yi fushi ba.

Daga nan inda nake tsaye ina ganin fuskar kowa, har ku na benci na ƙarshe. Haka nake so in ci gaba da ganinku. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin!